A daina jan kiɗan Bach kamar na makoki

Jama'a, akwai wani kiɗan gogen Turawa, wato biyolin, da na daɗe ina saurare, kuma yadda wasu makaɗa ke jan sa yana damuna ƙwarai. Sunansa Chaconne. Johann Sebastian Bach ne ya tsara shi, shi ne kashi na biyar kuma na ƙarshe a jerin kiɗansa na goge mai suna Partita ta 2. Kwafin da ya rubuta da hannunsa yana ɗauke da shekarar 1720, lokacin yana aiki a fadar Yarima Leopold a garin Köthen na Jamus. Goge ɗaya ne tal, ba ganga, ba fiyano, ba 'yan amshi.

Bach bai faɗi gudun da za a kaɗa shi ba. Na'urar ƙidayar bugu da makaɗa ke dogaro da ita yau ma ba ta fito ba sai 1815, shi kuwa ya rasu tun 1750. Don haka wuƙa da nama suna hannun mai kaɗawa. Makaɗin biyolin Jascha Heifetz, a faifansa na 1952, bai kai minti 14 ba ya kammala. Hilary Hahn, a faifanta na farko da ya fito a 1997 tana 'yar shekara 17, ta kusa cika minti 18. Takarda ɗaya suka karanta, amma wanda ya ji su a jere zai rantse kiɗa biyu ne.

Na san inda wannan ja ya samo gindin zama. A watan Yulin 1720 Bach ya dawo daga rakiyar Yarima zuwa Karlsbad, ya tarar matarsa Maria Barbara ta rasu har an binne ta. Wata masaniyar kiɗa Bajamushiya, Helga Thoene, ta ce ta'aziyyar matar ce ya ɓoye a cikin Chaconne. Labarin yana taɓa zuciya, ni ma ya taɓa tawa. Sai dai babu wata wasiƙa ta Bach da ta faɗi haka, kuma masana da dama ba su yarda ba. Duk da haka makaɗa da yawa sun riƙe shi, suna tafiya da kiɗan kamar masu ɗauke da makara.

Alhali asalinsa rawa ne. A ƙarshen ƙarni na 16 ya bazu a Sifen daga yankin Latin Amurka, rawa mai zafi da malaman coci suka yi ta tsine wa. Kafin zamanin Bach ya natsu ya shiga fadojin Faransa, amma takunsa bai ɓace ba: bugu uku-uku, nauyin yana sauka a kan na biyu. A ƙarƙashin komai akwai ɗan gajeren zubi na gaɓa huɗu da ke maimaituwa sama da sau 60, kowane zagaye Bach ya sauya masa ado. Idan aka ja da yawa, kafin a kai ƙarshen zagaye kunne ya manta farkonsa, ginin ya warwatse. Ga kuma matsalar gogen kansa. Tsirkiyoyinsa huɗu a kan gada mai lanƙwasa suke, izga ba ta iya taɓa su duka lokaci guda, dole makaɗi ya share su daga ƙasa zuwa sama. In ya yi jinkiri, sautin ƙasan ya mutu kafin na saman ya iso.

Ba na zargin Hahn, domin hannunta yana da tsabta kuma ta iya riƙe zaren har ƙarshe. Masu kwaikwayon ta ba tare da wannan ƙarfin ba su ne abin tausayi.

Sai batun "ki" (key), kamar yadda mawaƙan situdiyo ke cewa, wato sautin da aka gina kiɗa a kansa. An ɗora kiɗan a kan D maino, mai duhun sauti, kuma sautukan D da A suna cikin waɗanda ake ɗaure tsirkiyoyin gogen a kansu, shi ya sa katakon ke amsawa da kansa. Manhajojin da ke auna kiɗa suna ganin maino sai su liƙa masa tambarin baƙin ciki. To amma da an ɗan wuce rabi, Bach yakan juya zuwa D mejo mai haske, a hankali, murya ƙasa-ƙasa. Wallahi a nan ne idona ke cikowa, a wurin da na'ura za ta kira farin ciki. Kuma wannan juyin ba ya ratsa mutum sai in kashin farko ya taho da ƙarfinsa, har an gaji, sannan sauƙin ya zo. In tun farko a kwance ake, me za a huta daga gare shi?

Ko "ki" ɗin ma ba koyaushe na'ura ke cankarsa ba. Masu kaɗa shi irin na dā, da tsirkiyar hanjin tumaki, sukan ɗaure tsirkiyar A ta riƙa karkarwa sau 415 a daƙiƙa maimakon 440 da aka saba, sai kiɗan ya sauka rabin mataki, manhaja ta ba shi wani ki dabam.

Wanda bai taɓa jin sa ba, ya fara da na Heifetz, ya riƙa buga ukun nan da yatsa a kan gwiwa. Daga baya ya saurari na Hahn, ya zo mu yi musu.