Da me Inna za ta rage tunani?

Shekara shida ke nan da aka tabbatar mana cewa mahaifiyata tana da hawan jini, aka kuma gaya mata cewa wannan ciwo ba a rabuwa da shi, sai dai a lallaɓa shi da ƙwaya kowace safiya har ƙarshen rai. Mun karɓa da hannu biyu. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne yadda ake ɗora wa tsoho wannan kaya, sannan a bar shi ba gammo.

Ranar ganin likita, muna idar da sallar asuba muke fita domin kama layin kati, amma duk da haka tsohuwa mai shekara 71 takan wuni a kan benci har azahar, cikinta ba komai. Da aka kira ta a watan jiya, awo ya nuna 170 bisa 100, alhali daga 140 bisa 90 ake cewa jini ya hau. Aka rubuta mata amlodipine, muka isa tagar magani, aka ce babu, mu saya a waje. Duk wanda ke shiga kemis a Gusau ya san yadda farashi ya tashi tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, naira kuma ta faɗi. Daga baya na gano Inna tana tsallake kwana ɗaya domin katin magani ya daɗe. Da na yi magana, cewa ta yi: "Ɗan nan, ai yau kaina ba ya ciwo." Ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya bayyana mata cewa hawan jini ba ya sallama, yana iya cin ƙoda ko ya jawo shanyewar ɓarin jiki mutum yana jin kansa garau.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne faɗan da wata ma'aikaciya ta yi mata a gaban jama'a, wai tsofaffi taurin kai gare su, ta rage gishiri da magi, ta kuma rage tunani. Gishiri mun rage. Amma matar da 'yan bindiga suka raba da ƙauyenta a yankin Maru, ta bar gona da rumbu da kabarin mijinta, ta dawo tana raba ɗaki ɗaya da jikoki biyar, da wane hannu za ta ajiye tunani?

Dokar inshorar lafiya ta ƙasa da aka sa wa hannu a 2022 ta tanadi asusu na masu rauni, tsofaffi kuma suna cikinsu. To ina rabon Inna? Ba mu roƙi a kai ta Masar ba. Layi na daban ga tsofaffi muke nema, da na'urar awo mai aiki a ƙaramin asibitin unguwa, da magani a tagar da aka rubuta "magani" a kanta. Na ƙirga da safen nan, ƙwaya tara ta rage mata, albashi kuwa sai nan da kwana goma sha bakwai.