Manwoldae: a cire haƙar tarihi daga rikicin Koriya biyu

A gindin dutsen Songak, a birnin Kaesong na Koriya ta Arewa, akwai kufan wata fada da ake kira Manwoldae. Wang Geon, wanda ya kafa daular Goryeo a 918, shi ya mai da garin babban birninsa a 919, zuriyarsa kuma suka riƙe sarauta har 1392. Fadar ta ƙone a 1361 lokacin da mayaƙan Jajayen Rawuna suka kwararo daga ƙasar Sin, ba a kuma sake gina ta ba. Harsasan gine-gine da manyan matakalai na dutse ne kawai suka rage.

Daga 2007 zuwa 2018, masana daga Kudu da Arewa sun yi haƙa tare a wurin har sau takwas, abin da ba kasafai ake gani ba tsakanin ƙasashen da har yau ba su sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ba. Sun tono harsasan ɗakuna da dubban kayayyaki. A 2015 suka samu wani ɗan harafin ƙarfe na buga littafi. Ƙanƙantarsa kada ta ruɗi kowa: mutanen Goryeo sun buga littafin Jikji da irin waɗannan haruffa a 1377, shekaru kusan 80 kafin Baibul ɗin da Gutenberg ya buga a Jamus. Duk harafin da ya fito daga cikin fada shaida ce kan yadda wannan fasaha ta soma.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda gwamnatocin biyu suka ɗaure aikin da igiyar siyasa. Bayan nutsewar jirgin yaƙin Kudu mai suna Cheonan a 2010, wanda Kudu ta zargi Arewa da nutsar da shi, aka dakata. Aka rufe masana'antun haɗin gwiwa na Kaesong a 2016, aka sake dakatawa. A 2020 Arewa ta tarwatsa ofishin tuntuɓar juna da ke garin, yanzu kuma shugaban Arewa, Kim Jong Un, ya ce Kudu ƙasar abokan gaba ce. Damina kuwa ba ta jiran sulhu; ruwan 2011 ya yi wa wurin ɓarnar da sai da aka yi gyaran gaggawa.

Wasu za su ce duk kuɗi ko kayan aikin da ya shiga Arewa ƙarfafa gwamnatinta ne. Damuwar tana da tushe, amma ana iya sa ido a kan kayan haƙa da na adana tarihi. Tun 2013 UNESCO ta sa Kaesong cikin wuraren tarihi na duniya, da amincewar gwamnatin Arewa. Ta wannan ƙofa ya kamata a bi, a nemi masana daga ƙasashen da ba su da hannu a rigimar su ci gaba da haƙar, ana kuma wallafa duk abin da aka samu don masana na Kudu su yi nazarinsa.