Tabon ƙafar Kawu da dattijon garin Plains

Jiya da yamma Kawu ya naɗe ƙafar wandonsa zai yi alwala, sai ƙaramin ɗana ya hango tabo a idon sawunsa. Ya ce, "Kaka, wuta ce ta ƙona ka?" Kawu ya ce a'a, kurkunu ne. Yaron ya dube ni ya ce, "Baba, mene ne kurkunu?"

Wannan tambaya ce ta hana ni barci, har na tashi ina rubuta wannan.

Duk wanda ya tashi a ƙauye shekaru arba'in baya ba ya buƙatar bayani. Ka sha ruwan kududdufi bana, sai baɗi war haka ƙafarka ta yi bororo, tana zafi kamar an ɗora garwashi. Bororon ya fashe, farar tsutsa siririya kamar zare ta leƙo. Ba allura, ba ƙwaya. A tsinke ake naɗe ta kaɗan-kaɗan kowace safiya, wani lokaci har wata guda ko fiye, ana lallaɓawa kada ta tsinke a ciki, don tsawonta kan kai kusan mita ɗaya. Kuma sau da yawa lokacin da ake buƙatar mutum a gona take kwantar da shi. Na ga Kawu a kan tabarma, fartanya jingine da bango, ciyawa na cinye masa gero yana ji yana gani.

Mutumin da ya ɗauki yaƙi da wannan cuta a kansa shi ne Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka, wanda ya rasu ranar 29 ga Disamba 2024 yana da shekara 100 cif. Lokacin da cibiyar da ya kafa, wato Cibiyar Carter, ta shiga aikin a 1986, an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa a shekara, a ƙasashe 21 na Afirka da Asiya. Najeriya kaɗai an ƙirga sama da 650,000 a ƙarshen shekarun 1980. Da ƙyallen tace ruwa, da rijiyoyin burtsatse, da 'yan sa-kai masu bi gida-gida suna roƙon mai ciwo kada ya tsoma ƙafa a ruwan da jama'a ke sha, aka yi aikin. Janar Yakubu Gowon ma ya sha zagaya ƙauyuka a kan wannan. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Najeriya da Nijar sun rabu da kurkunu.

Amma abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda mutumin ya yi zamansa.

Mulkinsa na shekara huɗu ne, 1977 zuwa 1981, kuma bai ƙare da daɗi ba. Tsadar rayuwa da rikicin Amurkawan da aka tsare a Iran kwana 444 suka sa ya sha kaye a hannun Ronald Reagan. Ya tattara ya koma Plains, ƙaramin garin da aka haife shi a jihar Jojiya, wanda mutanensa ba su kai dubu ba, ya shiga gidan da ya gina tun 1961. Manomin gyaɗa ne tun asali. A gidan nan ya zauna har ajali ya zo.

Matarsa Rosalynn, 'yar garinsu ce, sun yi aure a 1946. Shekara 77 suna tare, 'ya'ya huɗu. Da ta rasu a Nuwamban 2023, a keken guragu aka kawo shi wajen addu'arta, an lulluɓe masa ƙafafu da bargo, jiki duk ya ƙare, amma ya zo.

A cocinsu na Maranatha kuwa, shekara da shekaru shi ke koyar da darasin Lahadi. In layinsa ya zo yakan yanke ciyawar harabar. Gicciyen katakon da ke ciki da hannunsa ya sassaƙa shi. Tun 1984 shi da matarsa suke ware mako guda a shekara su je gina wa marasa ƙarfi gidaje. A 2019, yana da shekara 95, ya faɗi a gida aka yi masa ɗinki a goshi, ido ya yi baƙi, amma bai fasa zuwa wajen ginin ba, da hamarsa a hannu.

Ni Musulmi ne, shi Kirista ne, kuma na san akwai mai cewa ina ruwanmu da shi. Ruwanmu shi ne ƙafar Kawu. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, kuma wanda ya tace maka ruwan sha bai tambayi inda kake fuskanta in za ka yi ibada ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne namu manyan. In mutum ya sauka daga kujera, sai ya tare a Abuja ko Dubai, garinsu ba ya ganinsa sai ranar naɗin sarauta ko in zaɓe ya ƙarato. In ya mutu a cika shafuka da jerin muƙamai. Ka tambayi maƙwabcinsa na ƙauye me ya bari, sai ya yi shiru. Ba na cewa duka haka suke. Amma tsoffin da na sani masu irin halin Carter yawanci ba su taɓa riƙe ko kansila ba: ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin unguwa, ladanin da ke share masallaci kafin asuba, iyayen zumuntar mata da ke bi asibiti da kwanon abinci. In sun rasu ba mai rubuta komai a kansu.

A 2015, da aka gano yana da ciwon daji, Carter ya ce burinsa kurkunu na ƙarshe ya riga shi mutuwa. Bai samu haka ba, amma saura ƙiris: a shekarar da ya rasu mutanen da suka kamu a duk duniya ba su kai ashirin ba, dukansu a Chadi da Sudan ta Kudu.

Da safe na ba Kawu labarin nan. Ya daɗe yana shafa tabon, sannan ya ce in kira masa yaron, zai nuna masa yadda ake naɗe ta a tsinke.