Ɗalibai masu koyon katun da ifekt, dan Allah ku ɗan ɗaga kai daga waya

Sati biyu da suka wuce da daddare wani ƙanina, ba na jini ba, yaron unguwa ne da yake aji uku a jami'a kuma yake koyon haɗa katun da kansa, ya turo min saƙo wai Yaya ni fa na gaji, kaina ya kulle, duk sanda na buɗe laftof sai in ji babu komai a ƙwaƙwalwata, dan Allah ka turo min shafukan da zan dinga kallo ko na samu abin da zai zaburar da ni. Na ce masa kafin nan turo min aikin da ka yi na ƙarshe tukuna. Ya turo. Sakan 11 ne, wani mutum cikin babbar riga da hula yana tafiya a lungu, sai ya tsaya ya ɗaga hannu wuta ta tashi a tafinsa, wutar ita ce ifekt ɗin, wato abin da ake ƙara wa hoto da kwamfuta.

Wallahi yaron ya yi ƙoƙari, ga wanda ba shi da malami sai YouTube da datar dare wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma na faɗa masa haka. Amma tun kafin a zo kan wutar idona ya ƙi yarda da mutumin. Babbar riga ce a jikinsa amma tafiyar ta jaruman finafinan Amurka ce, ƙirji a gaba, hannuwa a wawware kamar wanda ya fito daga wajen ɗaga ƙarfe, ita kuma rigar ta sandare a jikinsa kamar an yi ta da kwano. Toh duk wanda yake zuwa masallacin Juma'a ya san mai babbar riga ba ya yin taku goma bai kai hannu ya tattaro hannun rigar ya ɗora a kafaɗa ba, ta zamo, ya sake mayarwa, dama sannan hagu, kuma in shadda ce da ta sha bugu tana da nata taurin da yadda take karyewa, in yadi ne mai laushi iska ce take juya shi yadda ta ga dama. Mahaifin yaron nan duk Juma'a a gabansa yake saka babbar riga. Shekara ashirin da wani abu yana ganinta, bai taɓa tsayawa ya lura da yadda take motsi ba, amma ya san tafiyar mutumin da bai taɓa zuwa ƙasarsu ba.

Ra'ayina kenan a kan wannan neman ilhama da ɗalibanmu suke yi, kuma na san wasu ba za su ji daɗi ba. Yawancin abin da kuke kira neman ilhama, kallon ƙarshen aikin wasu ne kawai. Ka kwanta kana tura yatsa a Instagram da TikTok awa biyu, kana ganin abin da kamfani mai ɗaruruwan ma'aikata ya shafe shekaru yana yi an matse maka shi a sakan 30, sai ɗayan biyu ya same ka, ko dai jikinka ya yi sanyi ka ce mu ina za mu iya, ko kuma ka tashi ka kwafo abin kamar yadda yake, ka cire wa mutumin kwat ka saka masa kaftani ka ce ka yi na gida.

Mu koma kan wutar. Na tambaye shi, da wutar ta tashi a hannun mutumin nan me ya sa fuskarsa bata canza ba? Ya yi shiru. Wuta ce ja tana ci a tafin hannu cikin lungu mai duhu amma ko ɗigon haske bai taɓa gemunsa ba, bangon gefensa bai yi ja ba, inuwarsa tana nan inda take. Irin wannan muna yawan ganinsa har a wasu finafinanmu na Hausa in an zo wajen boka ko aljani, a liƙa wuta a saman hoto shikenan, shi ya sa ko yaro ƙarami yana kallo zai ce ƙarya ce duk da ba zai iya faɗa maka dalili ba. Na ce masa gobe bayan isha ka je wajen mai tsire ka tsaya, ko baka saya ba, ka kalli fuskarsa lokacin da yake fifita garwashi. Za ka ga hasken daga ƙasa yake zuwa, yana kama haɓa da ƙarƙashin hanci, goshi kuma yana cikin duhu, in ya yayyafa mai wuta ta tashi fuskar ta yi fau sai ta koma, hayaƙin ma inda yake kusa da wutar ja ne, can sama kuma ya koma toka-toka. Wannan darasin babu tutoriyal ɗin da zai baka shi kamar yadda tsayuwar minti goma za ta baka.

Kuma ba wai ni na ƙirƙiro wannan ba, haka sana'ar take tun tushe. A 1878 a Kalifoniya wani mai ɗaukar hoto Eadweard Muybridge ya jera kamara 12 a gefen filin sukuwa don a raba gardama, shin akwai lokacin da doki in yana gudu ƙafafunsa huɗu duk suke barin ƙasa? Hotunan suka nuna eh akwai, amma ba yadda masu zane suka daɗe suna zanawa ba da ƙafafu a miƙe gaba da baya, a'a, lokacin da ƙafafun suka dunƙule a ƙarƙashin ciki ne. Har yau masu katun suna komawa kan hotunan mutumin nan. Kamfanin Disney lokacin da suke aikin Bambi wanda ya fito a 1942, barewa masu rai aka kawo musu suka zauna suna kallo suna zanawa. Mu kuma fa? Mu da duk sallah dawakai suke wucewa ta ƙofar gidajenmu a Kano da Katsina da Zazzau, mu da raƙumi yake shigowa kasuwanninmu. Mutum nawa ne cikin masu koyon katun suka san raƙumi in yana tafiya ƙafar gaba da ta baya na gefe ɗaya suke tafiya kusan tare, shi ya sa yake wannan rangajin? Ko kaza, ka lura da ita, kanta tsayawa yake cak a wuri ɗaya jiki ya biyo shi, sannan kan ya sake zabura gaba.

Akwai ƙa'idoji 12 na motsa zane da wasu tsofaffin ma'aikatan Disney biyu, Frank Thomas da Ollie Johnston, suka rubuta a littafinsu a 1981, duk ɗalibi yana haddace su. Ɗaya daga ciki shine kafin kowane babban motsi akwai ɗan shiri, jiki yakan ja baya kafin ya tafi gaba. Ana koya muku shi da zanen ƙwallo, to madalla, amma ka je filin dambe ka ga ɗan dambe ya miƙa hannu ɗaya gaba yana auna abokin karawa, hannun da aka naɗe yana can baya a ɗane, nauyinsa duk a ƙafar baya, daga nan za ka gane abin har cikin jikinka. Ko mata biyu suna lugude a turmi ɗaya, yadda bayansu yake miƙewa kafin taɓarya ta sauko, wata ma ta cilla taɓaryar sama ta tafa ta cafe kuma bugun bai kuskure ba. In ka iya zana lugude daidai wallahi ka fahimci lokaci da nauyi fiye da wanda ya kwafi faɗan jarumai goma.

Abin da yake min ciwo sosai shine yawancin ɗalibanmu basu taɓa jin sunan Moustapha Alassane ba. Ɗan Nijar ne, an haife shi a 1942, ya rasu a 2015, kuma yana cikin na farko-farkon da suka fara yin katun a Afirka kudu da Sahara. Makanike ne asalinsa. Tun yana matashi yake yanka kwali yana haska fitila yana nuna wa mutane inuwar dabbobi suna motsi, tun bai san akwai wata sana'a mai wannan sunan ba. Daga baya ya yi aiki da Jean Rouch, wani Bafaranshe mai shirya finafinai, a Yamai, ya je Kanada ya ƙaro ilimi a wajen Norman McLaren, wani gwanin katun, ya dawo gida. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, ɗan gajeren katun a kan shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki da duk shagulgulan tarba da faretin da muka sani, ya ɗauki kwaɗon da yake kuka a bakin kududdufi da damina ya faɗi maganar da take ransa game da masu mulki. Yana da wani kuma mai suna Kokoa, kokawa dai tamu, ya haɗa ƴan tsana ya saka su a fili harda alƙalin wasa da ƴan kallo. A Tawa ya zauna shekaru masu yawa yana aikinsa, garin da ake jin Hausa kamar yadda kake ji. Lokacin da ya fara, mutumin nan ba shi da intanet, ba shi da maɓallin da zai danna ya goge kuskure, zane ɗaya bayan ɗaya yake yi da hannu. Ku nemo aikinsa ku kalla dan Allah, za ku ga layukan basu da wani ƙyale-ƙyale amma kowane motsi ka san daga idon wanda ya zauna da mutanensa ya fito.

Na kusa kuma ga yaran Kaduna, The Critics, ƴan uwa matasa da duniya ta san su a 2019 saboda gajerun finafinan kimiyya da suke ɗauka da waya mai fasasshen gilashi da koren ƙyalle da suka tara kuɗi suka saya (wanda ake ɗaukar mutum a gabansa daga baya a canza bayan hoton da kwamfuta), a YouTube suka koya, wutar Nepa tana ɗaukewa suna jira ta dawo su ci gaba. A 2020 J.J. Abrams, babban darakta a Amurka, ya aiko musu da kayan aiki. Mutane sun fi riƙe labarin kayan, ni kuma abin da ya fi burge ni shine kangwaye da filaye da ƙurar Kaduna da suke bayansu a hoton, basu ɓoye inda suke ba.

Maganar kayan aiki kuwa bana cewa ba matsala ba ce, matsala ce babba, na san zafin ka bar renda, wato kwamfuta tana fitar da aikinka ya zama bidiyo, tana tafiya cikin dare caji ya ƙare saura kaɗan. Amma manhaja kam an gama mana da ita. Blender, manhajar haɗa katun da ifekt, kyauta ce tun 2002 da jama'a suka yi karo-karo na Yuro 100,000 aka sako ta ga kowa, kuma da ita aka yi Flow, fim ɗin ƙasar Latbiya da mutanenta basu kai miliyan 2 ba, labarin wata mage cikin ambaliya, babu magana ko ɗaya a ciki, ya ci kyautar Oscar a 2025 a gaban manyan kamfanonin Amurka. Abin da ya riƙe fim ɗin shine magen tana yin abin da mage take yi, kunnuwan, jelar, yadda take noƙewa in ta ji tsoro. In laftof ɗin ma babu, akwai manhajojin katun na waya irin su FlipaClip da Stop Motion Studio, laka da kwali da murfin kwalba sun isa a fara.

Ban ce ku daina kallon aikin manya ba fa, ku kalla, amma ku canza yadda kuke kallo. Ku nemi bidiyon da suke nuna yadda aka gina fitowa ɗaya hawa-hawa, daga ɗan wasa a gaban koren ƙyalle zuwa haske zuwa ƙura. A YouTube ka rage gudu zuwa 0.25, in a kwamfuta kake ka tsayar da bidiyon ka dinga danna waƙafi da aya, zai dinga matsawa firem ɗaya-ɗaya, wato hoto ɗaya-ɗaya cikin hotunan da suka haɗu suka zama bidiyon, baya da gaba. Sakan uku kacal ka ɗauka ka zauna a kansu rabin awa kana tambayar kanka me ya sa. Kuma ku rage buri a farko, fim firem 24 ne a sakan ɗaya, ko zane ɗaya kake riƙewa firem biyu minti ɗaya zane 720 ne, shi ya sa wanda ya fara da cewa zai yi fim ɗin Bayajidda na awa ɗaya yake ajiyewa a sati na uku ya ce ilhama ta gudu. Sakan biyar zane 60 ne. Wannan za ka iya gamawa, ka nuna, a gyara maka, ka sake.

Shi ƙanin nawa ban tura masa shafi ko ɗaya ba. Na ce ya ajiye mai wuta tukuna, ya ɗauki wayarsa ya nemi izinin wani a gidansu ya ɗauke shi yana wani aiki da ya saba, ya kalla sau ashirin, sannan ya ajiye bidiyon ya zana daga kansa. Jiya ya turo min. Sakan shida ne, zanen layi kawai babu ko kala, kakarsa ce zaune a kan tabarma za ta tashi. Ta fara dafa ƙasa da hannun dama, ta ɗan karkata, ta ɗora ɗaya hannun a gwiwa, ta yunƙura bata tashi ba ta koma, ta ɗan huta, sannan ta sake yunƙurawa ta miƙe rabi-rabi tana gyara zani. Ƙafar hagu tana ɗan zamewa a firem biyu ko uku, na nuna masa ya gyara. Amma wannan yunƙurin farko da ta yi ta koma, sau bakwai na maimaita shi, don tawa kakar Allah ya jiƙanta haka take tashi.