Wannan hoton kalmomin Norwe da kuke ta turawa, a daina

Hoton nan da ke yawo a guruf-guruf ɗin masu koyon harshen Norwe tun shekaranjiya, don Allah a daina tura shi. Kun san shi, mai layi biyu. An kwaso kalmomin Turanci repair, fix da mend an ce duk reparere ne a harshen Norwe. An kwaso heal, cure, treat da recover an ce duk helbrede ne. Shi ke nan, karatu ya ƙare. Har da masu rubuta "Allah ya saka da alheri Malam" a ƙasa. Sannu da ƙoƙari Malam, tunda ka dunƙule harshe guda a layi biyu, sai a rufe makarantu kowa ya huta.

Abin da ya lalace shi ke zaɓar kalmar gyaransa. Ko a Hausa ba ka cewa a yi wa taya ɗori, ba ka cewa a yi wa karaya faci, to don me za ka zaci mutanen Norwe da kalma ɗaya suke rayuwa?

Reparere ta inji ce: mota, firji, waya, injin wanki. Fikse ita ce ta bakin titi, ka ce wa aboki "kan du fikse det?", amma ba ta dace da takardar hukuma ba. Tayar keke ta sace, ko wando ya yage a gwiwa, lappe za a yi. Safa ta huje a dunduniya, stoppe ake cewa, kalmar nan dai da kuka haddace da ma'anar tsayawa. Masuntan tsibiran Lofoten da ke arewacin Norwe kuwa idan koma ta tsinke, bøte suke yi mata.

Inda abin ke fara cin kuɗi shi ne gidan haya. Bango na tsattsafo da ruwa, taga ba ta rufuwa a tsakiyar hunturu, za ka rubuta wa mai gida. Kalmarka ita ce utbedre, wato a kawar da aibin da ke jikin gini. In ka rubuta pusse opp, ce masa ka yi kana son sabon fenti da sabon daɓe, kwalliya ke nan, zai karanta ya ajiye wayarsa. Kai kana rawar ɗari kana jiran mai gyara, shi yana ganin ka cika son banza.

Duk wannan mai sauƙi ne idan aka zo maganar jiki, kuma a nan ne raina ya ɓaci da gaske.

Miki da karaya gro suke yi. "Såret gror", miki na warkewa. "Bruddet har grodd", karaya ta haɗe. Kalmar da ake faɗa wa tsiro ce, domin jiki ne ke aikinsa da kansa. Helbrede kuwa sai da mai yi, wani ne ke warkar da wani, kuma tana da nauyi, an fi jin ta a wa'azin coci da zancen mu'ujiza, ko a bakin likita sa'ad da ake maganar cuta irin kansa. Bambancin warke da warkar ne, wanda yaro ɗan firamare a Kano ya sani. Akwai kuma lege, aikatau ce mai nufin warkarwa, sannan ita ce sunan likita, daga gare ta aka samu legemiddel, magani, da legevakt, inda ake zuwa idan ciwo ya tashi cikin dare, lambarsu 116 117.

Yanzu ku natsu. Behandle, wato yi wa ciwo magani, daban, kurere, wato warkar da shi gaba ɗaya, daban. Idan likita ya ce hawan jini ko ciwon suga "kan behandles", yana nufin ana iya bin sa da magani a danne shi. Bai ce zai rabu da kai ba. Wanda ya haddace hoton Malam zai fito daga asibiti yana murna an ce zai warke, ya sha ƙwaya wata biyu, ya ji garau, ya watsar. Wa zai ɗauki alhakin wannan? Haka frisk da bedre. "Jeg er bedre", na samu sauƙi. "Jeg er frisk", na warke sarai. Kana hutun rashin lafiya ka ce wa likitanka frisk alhali sauƙi kawai ka ji, to da bakinka ka ce a maida ka bakin aiki.

Na ga masu cewa ai za su gane abin da kake nufi. Za su gane abin da ka faɗa dai. Wasu kuma sun ce ai kowa a Norwe yana jin Turanci. To madalla, sai ka jira wasiƙar NAV, hukumar aiki da tallafin jama'a, da ta asibiti da yarjejeniyar haya su zo maka da Turanci. Kuma in magana ta kai ga lafiya, daina jarumta, ka nemi tolk, wato tafinta. Tun 2022 akwai dokar da ta ɗora wa hukumomin gwamnati samar da shi idan buƙata ta kama.

Saura mai ban dariya. Wani a ƙasan hoton ya ƙara nasa ilimin, wai healer, mai warkarwa a Turanci, shi ne heler, tunda sun yi kama. Heler shi ne mai karɓar kayan sata. Heleri laifi ne a sashe na 332 na dokar laifuka ta ƙasar, tara ko ɗauri har shekara 2. Je ka gabatar da kakanka mai maganin gargajiya da wannan suna a gaban surukai ka gani. Su kansu mutanen Norwe kalmar Turancin suka ara yadda take, ko su ce helbreder.

Af, tunda an taɓo injin wanki: ku riƙa adana rasit, kvittering. Dokar sayayya ta Norwe ta ba ka shekara 2 ka kai ƙorafi kan kayan da suka zo da aibi, shekara 5 kuma idan kaya ne da ya kamata su daɗe sosai, irin firji da injin wanki. Ana ce da shi reklamasjon, kuma daban yake da garanti na kamfani, saboda haka kada mai shago ya sallame ka da cewa garanti ya ƙare. A ɗauki hoton rasit ɗin a waya tun ranar, domin rubutun takardar nan gogewa yake yi.