Ƙannena, wannan kakin da kuke tofarwa ko'ina ya isa haka

Jiya da safe ina tsaye wajen mai koko a bakin titin Aboabo a nan Kumasi, sai ga pragya, keken haya mai ƙafa uku, ta zo wucewa. Wani saurayi a kujerar baya ya ja makogwaro da ƙarfi har muka ji daga inda muke, ya leƙo da kai ya tofa. Kakin ya sauka a bakin tiren ƙosai, wani ya fantsama a zanin matar. Matar nan a shekaru ta isa ta haife shi. Ba ta zage shi ba, cewa kawai ta yi "Allah ya shirya", ta kwashe ƙosan da ke gefen ta zuba a kwata, ta fasa fiya wata guda biyu ta wanke tiren. Shi kuwa ko waiwaye bai yi ba. Kokon da na saya kasa shansa na yi.

Ƙannena, yaushe muka koma haka? A tagar motar haya ta trotro kaki, a tashar Kejetia kaki, a bes ɗinku na shan ataya duk gindin bencin kaki ne. Wanda ya fi ci mini rai shi ne wurin alwala. Mutum ya tsuguna, ya kakaro, ya tofa daidai inda na bayansa zai ajiye buta, ya tashi ko ruwa bai kora ba. Dattijo ya zo ba takalmi ya taka, ya shiga sahu da shi.

Na san amsarku, don na sha jin ta. "Yaya, majina ce ke gangaro mini ta makogwaro, in ban fitar ba sai ta shaƙe ni." Ban ƙaryata ku ba, ruwa ba ya tsami banza. Hanci da kogunan da ke cikin ƙashin fuska suna yin majina wajen lita guda kowace rana, ga mai lafiya ma. Aikinta kama ƙura da ƙwayoyin cuta, tana bin bayan hanci ta sauka makogwaro, muna haɗiye ta ba mu sani ba, ciki kuma ya gama da ita. Sai ta yi yawa ko ta yi kauri ne mutum ke jin ta maƙale, yana gyaran murya, yana tari idan ya kwanta da dare, ya tashi da ƙaiƙayin makogwaro. Mura na kawo haka. Ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu na kawowa, haka hayaƙin gawayi, da na maganin sauro da muke kunnawa a rufaffen ɗaki, da ƙwannafi ga mai cin abinci ya kwanta nan take. Duk wannan lalura ce, kuma babu mai zargin ka don kana da lalura. To amma wace lalura ce ta ce ka tofa a kan abincin mutane? Ko haɗiyewa ka yi ba abin da zai same ka. Idan ƙyama kake ji, hankici nawa yake a kasuwar Asawase? Abin da kai mai shi kake ƙyamar haɗiyewa, shi kake so wani ya taka!

Addinin da muke tinƙaho da shi ma bai bar wannan ba. Ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga kaki a bangon alƙibla, ransa ya ɓaci, ya kankare shi da kansa, ya kuma nuna wa sahabbai yadda mutum zai tofa a gefen mayafinsa ya ninke. Ya ce tofi a masallaci laifi ne, kaffararsa a binne shi. Tun muna makarantar allo muke jin tsafta cikon addini ce. Ga shi kuma sau biyar a rana muna shaƙa ruwa muna facewa, wanda ya yi shi da kyau ya riga ya wanke hancinsa, ba sai ya fito titi yana kakari ba.

Bari in ɗan ratse, don abin ya haɗa da wani ciwon. Da makogwaro ya yi ƙaiƙayi sai a ruga kantin magani a ce a ba da amoxicillin na sidi kaza, a sha kwana biyu a watsar. Mura ƙwayar bairos ce, wannan maganin ba ya taɓa ta, kuma don majina ta yi ruwan ɗorawa ko kore ba shi ne dalilin shansa ba. Wasu kuma sun riƙe maganin feshin buɗe hanci kamar carbi, alhali in an wuce 'yan kwanaki ana fesawa hancin ƙara toshewa yake. Ba ma a maganar masu fakewa da tari suna neman maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta hana tun 2018, ko masu zuƙar shisha har dare su wayi gari suna kuka da makogwaro. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka.

Abin da ya kamata ba boyayye ba ne. Ka yawaita shan ruwa, ka sha ɗumi, ka wanke hanci da ruwan gishiri wanda aka tafasa ya huce, ka ɗaga matashi in za ka kwanta, ka guji ƙura da hayaƙi. Tarin da ya wuce mako biyu kuwa, ko aka ga jini, ko zufar dare da rama, wannan na asibiti ne. Asibitin Manhyia na nan kusa da mu, na Komfo Anokye na da sashen kunne da hanci da makogwaro, maganin tarin fuka kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati. Amma kai da ba ka san abin da ke ƙirjinka ba, kana tari da kakari a trotro cike da mata da jarirai, haƙƙin wa kake ɗauka?

A 2020 da korona ta sa aka rufe Kumasi da Accra, kowa ya rufe hanci, bokitin Veronica na wanke hannu ko'ina, ko atishawa ka yi sai ka nemi afuwa. Ashe mun iya. Tsoro na wucewa muka koma gidan jiya.

Ni na taso na ga kakana, Allah ya jiƙansa, ya yi shekaru yana fama da tari. Akwai gwangwani da toka a ciki a gefen shimfiɗarsa, kullum da asuba a kai bayan gida a binne. In zai fita, farin hankici na aljihun rigarsa. Ban taɓa ganin yawunsa a ƙasa ba. A lokacin yaro bai isa ya yi ko gyaran murya mai ƙarfi a gaban babba ba, kuma duk dattijon da ya gan ka ka tofa a hanya zai ja kunnenka ya kai ka gida, uwarka ta yi masa godiya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuma muka daina tanƙwarawa. Yau ka yi wa ɗan wani magana, uban ne zai fara zuwa ya tambaye ka ina ruwanka.

Yau da safe na sake bi ta wajen mai kokon. Ta ja teburinta baya har jikin bango, nesa da titi inda masu wucewa ke ganinta, ta lulluɓe ƙosan da leda. Na gaishe ta, na ce, "Mama, ya haƙurin jiya?" Ta ce, "Ɗana, ai wannan ne na uku a watan nan."