Wake mai kashe tsutsa: abin da gonakin Indiyana suka nuna min

Duk ranar da maganar GMO, wato irin shuka da aka sauya wa ƙwayar halitta, ta tashi a zauren WhatsApp na danginmu, ni ake jefo wa tambaya, wai tunda a Amurka nake zaune ai ni na san gaskiyar abin. Wani ya turo murya yana rantse-rantse cewa iri ne da aka ƙera don a rage mana haihuwa. Wani ya ce in ka shuka shi sau ɗaya ƙasarka ta mutu har abada. Can kuma sai ga bidiyon wani jami'i yana cewa da wannan fasaha yunwa ta ƙare a Afirka. Ni a ganina duka ɓangarorin biyu sun ɗora wa ƙwayar iri kayan da ya fi ƙarfinta.

Jihar Indiyana nake, tsakiyar gonaki. Ka fita gari da mota a watan Yuli, hagu masara, dama waken soya, har idonka ya gaji. Tun 1996 aka fara shuka irin da aka sauya wa ƙwayar halitta a ƙasar nan, yau sama da kashi 90 cikin 100 na masara da waken soya da audugar Amurka irin wannan ne, manomi ba ya ma ɗaukar zancen abin hira. Hekta ɗaya tana ba shi wajen tan 11 na masara, namu a gida da ƙyar ya kai tan 2. Masu tallar fasahar suna son wannan lissafi ƙwarai. Abin da ba sa faɗa shi ne abin da ke bayan irin. An gwada ƙasar gonar, an san takin da take so. An binne bututu a ƙarƙashinta yana janye ruwan da ya yi yawa. Akwai inshorar amfanin gona da gwamnati ke biyan kaso mai tsoka na kuɗinta. Kusa da gida ga rumbun ƙarfe mai injin busar da hatsi, ga titi, ga layin dogo. Amfanin masararsu ma ya fara hauhawa ne tun shekarun 1930 da irin aure, wato wanda aka samu daga haɗa nau'i biyu, da takin zamani, tun ba a san da GMO ba. Kuma yawancin wannan masara ba cikin mutum za ta ba, abincin dabbobi ce da man etanol. Duk da wannan yalwa, kusan mutum miliyan 40 ne ke karɓar tallafin abinci daga gwamnati. Ashe cikar gona daban, cikar tukunya daban.

Amma fa ba na cikin masu cewa a yi watsi da abin, kuma dalilina wake ne.

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na biye da ita. Duk wanda ya taɓa noma shi ya san tsutsar nan da masana ke kira Maruka. Malam-buɗe-littafin dare ne ke zuba ƙwai a kan fure, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta shige cikin furen, daga nan ta huda kwanso ta saƙa yana a bakin ramin ta zauna tana ci. Kana ganin gona kore shar, ka ɓare kwanso ka tarar da kashin tsutsa. A shekarar da ta yi ƙamari tana iya cinye kashi 80 cikin 100. Da yake a ɓoye take, magani ba ya samunta sosai, shi ya sa ake feshi sau shida har takwas a damina guda. Ku tuna waye ke wannan feshin: yaro matashi da tanki a baya, silifa a ƙafa, ba safar hannu, ba abin rufe hanci, maganin na ɗiga a gadon bayansa, in ya gama ya wanke tankin a bakin rafi. Wanda ke tsoron guba a abinci, ga guba nan muna gani da ido shekara da shekaru, ba wanda ya turo murya a kanta.

Masu bincike sun daɗe suna tantance dubban nau'o'in wake ko za su sami wanda ke jure wa wannan tsutsa da kansa, ba su samu ba. Sai aka ɗauko ƙwayar halitta daga wata ƙwayar cuta ta cikin ƙasa da ake kira Bt, wadda ko masu noman da ba sa amfani da sinadari a nan Amurka suna fesa ta don kashe tsutsa, aka sa ƙwayar halittar a cikin wake. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello ce ta jagoranci aikin a gida, ƙarƙashin Farfesa Mohammad Ishiyaku, tare da gidauniyar fasahar noma ta Afirka, AATF, da masana daga Ostireliya. A 2019 aka amince da shi, aka sa masa suna SAMPEA 20-T. Feshi ya dawo kamar sau biyu. Gana ma ta bi sahu da nata, Songotra-T, daga cibiyar bincike ta Nyankpala kusa da Tamale. Wannan abincin talaka ne, na ƙosai da alala da garau-garau, kuma a Zariya aka gwada shi, a ƙasarmu da ruwanmu.

Sai dai tsutsa ɗaya ce kawai ya yi wa magani. Darɓa na nan, ƙwarin da ke tsotse kwanso na nan, ƙuduji na nan. In kuma an kai wake gida sai ƙwaron ajiya ya karɓi aiki. Nan ne 'yan kasuwa ke yayyafa masa fiya-fiya, abin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015 saboda yawan sinadarin da aka samu a cikinsa. Maganin wannan kuwa ba ya buƙatar taɓa ƙwayar halittar komai. Buhun PICS ne, leda biyu masu kauri a cikin buhu, a ɗaure kowace tam, iska ta ƙare wa ƙwaro ya mutu. A nan jihar aka ƙirƙiro shi, a jami'ar Purdue, tare da masu bincike na Kamaru da Nijar. Ban taɓa jin an yi gardama a kansa ba, ban kuma ga an yi masa rabin tallar da ake yi wa GMO ba.

Inda nake ganin masu adawa suna da gaskiya shi ne tambayar waye mai irin. A nan manomi ba ya ajiye iri. Yana sa hannu a takarda cewa ba zai sake shuka abin da ya girbe ba. Wani dattijon manomi ɗan jihar nan, Vernon Bowman, ya sayi waken soya a wurin masu tara hatsi ya shuka, kamfanin Monsanto ya maka shi kotu, a 2013 Kotun Ƙoli ta ba kamfanin gaskiya, alƙalai tara ba wanda ya saɓa. Wannan tsari in ya shigo ƙauyukanmu, inda tsohuwa ke ɗaure irin baɗi a tsumma ta rataye a ɗaki, masifa ce. Amma a bambanta. Ƙwayar halittar da ke cikin SAMPEA 20-T an ba da ita ba tare da kuɗin mallaka ba, kuma wake ne, ana iya ajiye shi a sake shukawa ya tsiro. Masarar TELA da aka saki a 2024, mai jure wa tsutsar da ta addabe mu tun 2016, ita irin aure ce, dole a sayi sabo duk shekara in ana son amfani mai kyau, kamar dai kowace masarar aure da ake sayarwa a shaguna tun da daɗewa. Shi kuwa irin da ake cewa ba ya tsirowa karo na biyu, an yi rajistar fasaharsa a 1998, duniya ta yi ca, ba a taɓa kai shi kasuwa ba.

Akwai kuma darasin Burkina Faso. Sun rungumi audugar Bt a 2008, feshi ya ragu, amma zaren ya fito gajere, darajar audugarsu ta faɗi a kasuwar duniya, a 2016 suka ajiye ta. A nan Amurka ma ciyawa ta koyi jure wa maganin da aka ƙera iri dominsa. Wata mai kama da alayyafo ce ta fi ba manoma wahala, har wasu gonaki sai an sa mutane su tuge ta da hannu. Tsutsa ma haka take sabawa, shi ya sa doka ta tilasta a haɗa da iri na gargajiya a gonar don a jinkirta sabon. To a gida wa zai zauna ya yi wa manomi wannan bayani? Malamin gona ɗaya ne ga dubban manoma, shi ma ba man babur.

Zargin rage haihuwa ba shi da tushe, amma ba na yi wa mai yin sa dariya. Mutanen da suka ga abin da ya biyo bayan gwajin maganin sanƙarau na Pfizer a Kano a 1996 suna da dalilin ɗar-ɗar. Hukumar NBMA da aka kafa a 2015 don sa ido kan waɗannan iri ya kamata ta riƙa shiga rediyo da Hausa, a buɗe layi, a yi mata tambayoyi masu zafi, ba taro a otal a Abuja ba. Kuma a daina kafa mana hujja da cewa Turai ta ƙi. Jamus da Faransa sun hana shukawa, gaskiya ne, amma nahiyar tana sayen miliyoyin tan na waken soya na GMO daga Brazil da Amurka tana ciyar da kajinta da shanunta. Mai ƙoshi yana da zaɓin da manomin Gumel ba shi da shi.

Yunwar da ke Arewa yau ma ba tsutsa ce kan gaba wajen kawo ta ba. Manomi a Zamfara da Katsina sai ya biya 'yan bindiga kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe. Taki ya gagari mai ƙaramin ƙarfi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin kai buhu Dawanau ya ninka. Da kaka ana karya farashi a hannun manomi, da bazara shi da kansa ya dawo yana awo da tsada. Ba irin da zai gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ƙanena da ke riƙe da gonar gidanmu ya tambaye ni ko ya gwada sabon waken. Na ce ya gwada, amma a gefe guda na gonar, kada ya rabu da irinmu na gida, musamman mai yaɗo da ke ba shi harawar tumaki. Ya saya a wurin dillalin da aka san shi, don jabun iri ya yi yawa a kasuwa. Kuɗin feshin da ya rage masa kuma na ce ya sayi buhunan PICS da su, ya riƙe waken har farashi ya tashi.